SAYEN MOTO: TA SALULA KO A KANTI?

Ranar kasuwa da marece, bayan an gama girbin gero da wake, ɗaliban karatun manya na wani gari cikin ƙasar Madarumfa sun taru a rumfar makaranta. Maza sun zo, mata sun zo. Maigari ma ya zo, an shimfiɗa mashi tabarma. Malamin aji ne ya gayyato wani makanike daga Maraɗi, don ya yi ma jama'a bayani bisa sayen moto, wanda wasu ke ce ma babur.

Makaniken nan dattijo ne. Ya daɗe shina gyaran moto. Bai yi lakkwal ba. Da girmanshi ya koyi karatu da lissafi a ajin yaƙi da jahilci. Ga abin da ya faɗa, don sauran garuruwa su karanta su amfana.

MOTO BA ABIN WASA BA NE

Bayan gaisuwa, makanike ya ce kowa ya san amfanin moto a ƙauye. Shi ke kai mai naƙuda gidan likita cikin dare. Shi ke kai buhun wake kasuwa. Shi ke kai yaro lakkwal in gari ya yi nisa. Samari da yawa da kabu-kabu suke ciyar da gidajensu.

Ya ce amma kuɗɗin moto ba ƙananan kuɗɗi ba ne. Wani sai ya saida sa. Wani sai ya haɗa amfanin gona na shekara biyu. Wani sai ya tafi cin rani ya dawo. Kuɗɗin da aka samu da irin wagga wahala, bai kamata a fidda su da gaggawa ba.

Ya ce a da, mai son moto hanya ɗaya gare shi. Ya tafi Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Ƙwanni, ya shiga kanti, ya duba, ya taya, ya biya. Yanzu an samu hanya ta biyu. Mutum shina zaune gida sai hoton moto ya shigo mashi cikin salula, ta WhatsApp ko ta Facebook. An rubuta kuɗɗi ƙasa da na kanti. An ce ya aiko da kuɗɗi, a aiko mashi da moto.

Ya ce: "Ƴan'uwa, ban zo in zagi salula ba. Ban zo in yi ma masu kanti talla ba. Na zo mu auna hanyoyin nan biyu, kamar yadda muke auna hatsi da tiya."

LABARIN WANI SAURAYI

Makanike ya fara da labarin wani saurayi da ya sani. Ya ce ba zai faɗi sunanshi ba, ba zai faɗi garinsu ba.

Saurayin ya dawo daga cin rani da ƴan kuɗɗinshi. Shina son moto don ya yi kabu-kabu. Kuɗɗin ba su kai ba. Ubanshi ya saida raguna biyu ya ƙara mashi. Uwarshi ta ci bashi a asusun mata na garinsu ta ƙara mashi.

Wata rana ya ga hoton moto cikin salula. Ja ne, sabo, shina walƙiya. Mai tallan ya ce shi babban ɗan kasuwa ne a Yamai. Ya ce kaya sun yi mashi yawa, shi ya sa ya karya kuɗɗi. Saurayi ya kira shi. Mutumin ya yi sallama mai kyau, ya tambayi lafiyar iyaye, ya yi ta rantsuwa. Har ya aiko da hoton wata takardar shaidar ɗan ƙasa, ya ce tashi ce.

Ya ce ma saurayi moto ɗaya ya rage, kuma wani na nan zuwa da kuɗɗi gobe da safe. In shina so, ya aiko da jika 100 yau a aje mashi. Saurayi bai gaya ma kowa ba, don shina so ya ba iyayenshi mamaki. Ya tafi gidan aika kuɗɗi ya aika.

Kwana biyu, aka kira shi aka ce moto na cikin mota, sun wuce Doso. Aka ce ya aiko da jika 100 kuma, sauran in moto ya iso. Ya aika. Washegari wani ya kira, ya ce shi ne direba. Ya ce duwan sun tsaida su a Ƙwanni, sai an biya jika 50 za su saki kaya. Ya ce in ba a biya yau ba, moto ya tafi ke nan, kuɗɗin farko ma sun tafi. Saurayi ya ji tsoro, ya sake aikawa.

Daga nan salular mutumin ta mutu. Ta direba ma ta mutu. Saurayi ya kwana uku a tashar Maraɗi shina duban kowace mota da ta shigo. Babu moto, babu mai moto. Jika 250 sun tafi.

Makanike ya ce: "Yaron nan ya yi mako guda bai iya gaya ma ubanshi ba. Yanzu ya koma cin rani. Uwarshi kuwa kowane mako tana biyan bashin moto da ba ta taɓa gani ba."

Rumfa ta yi tsit. Wata tsohuwa ta ce: "Allah ya maida mashi da alheri." Jama'a suka ce amin.

ƘAƘA MAI ZAMBA KE AIKI?

Makanike ya ce a lura da labarin nan, don masu zamba kusan hanya ɗaya suke bi. Ya roƙi malamin aji ya rubuta alamu biyar bisa allo:

1. Kuɗɗin sun yi arha ƙwarai.
2. Ana gaggauta ka, ana cewa yau ko gobe.
3. Ana son kuɗɗi kafin ka ga kaya.
4. Ba a faɗa maka inda kanti shike ba, ko an faɗa maka wurin da ba ka da mai zuwa ya duba.
5. Bayan ka biya, sai wani sabon dalilin biya ya fito.

Ya ce hoto ba shaida ba ne. Kowa na iya ɗaukar hoton moto a kantin wani, ko ya kwafo shi cikin intanet. Hoton takardar shaida ma ba shaida ba ne, don ana amfani da takardun mutane da suka ɓace. Rantsuwa kuwa ba ta yi ma ɓarawo nauyi a baki.

Ya ce gidajen aika kuɗɗi ba su da laifi cikin wanga al'amari. Aikinsu su kai kuɗɗi inda aka ce su kai. Da su ƴan cin rani ke aiko ma iyayensu abin sayen hatsi. Amma in wanda aka aika mawa ya riga ya karɓa, kuɗɗi ba su dawowa.

Bisa maganar arha, ya yi ƙarin bayani. Ya ce yawancin babura da muke hawa a Sin da Indiya ake ƙera su. Haojue daga Sin shike. Boxer da TVS daga Indiya suke. Cikin jirgin ruwa suke zuwa bakin teku, sannan a ɗauko su cikin manyan motoci. Wasu ta Najeriya suke shigowa. A 2023 aka rufe iyakar Nijar da Benin, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta ƙara tsawo, kuɗɗin ɗauko kaya suka ƙaru.

Ya ce: "Kowane ɗan kasuwa ya biya jirgi, ya biya mota, ya biya duwan. To wanda ya ce zai ba ka moto ƙasa ƙwarai da na kowa, ka tambayi kanka: mi ya rage bai biya ba? Ko bai biya duwan ba, ko moto ba nashi ba ne, ko babu moton sam. Magabata sun ce ba a cinikin biri a sama."

KO MAI GASKIYA NE, DA SAURAN MAGANA

Makanike ya ce ba duk mai talla cikin salula ba ne ɓarawo. Akwai ƴan kasuwa na gaskiya, masu kanti, masu suna, da ke sa hoton kayansu cikin salula. In ka aika masu kuɗɗi, moto zai zo. Amma ko a nan akwai abin dubawa.

Ya ce sabon moto ba a tsaye shike zuwa daga kamfani ba. Cikin kwali shike zuwa. Tayar gaba a cire, kan moto a cire, madubai da batir a gefe. Sai makanike ya haɗa shi. Ya ɗaure kowace kusa, ya gyara birki, ya ja sarƙa daidai, ya duba mai cikin inji. In aka haɗa shi da ganganci, wata rana birki zai ƙi kamawa a kan hanya.

In a kanti ka saya, mai kanti ne ke sa a haɗa, kana tsaye kana gani. In daga nesa aka aiko maka, haɗawa ta zama taka. Kuma daga Yamai zuwa Maraɗi ya fi kilomita 600. Kwali na shan wuya bisa mota. In fitila ta fashe a hanya, mai saidawa zai ce lafiya lau ya ba direba. Direba zai ce haka aka ba shi. Kai ne za ka biya.

Sannan ya kawo maganar kayan gyara. Ya ce akwai wani moto da ke jingine bayan garejinshi wata huɗu. Mai shi ya saye shi daga nesa don ya ga arha, kuma shina da kyan gani. Wani ɗan akwatin wuta ne ya ƙone, wanda makanikai ke ce ma CDI. Abu ne ƙarami, bai cika tafin hannu ba. Amma irin na wannan moton babu shi a kasuwar Maraɗi. An aika Katsina ba a samu ba. Moto sabo ya zama wurin kwanan kaji.

Ya ce: "Kafin ka zaɓi moto, je wajen makaniken da ya fi kusa da garinku. Tambaye shi wane iri ya iya gyarawa. Tambaye shi wane iri ne ake samun sarƙarshi da bujinshi da takalman birkinshi a kasuwarku. Moto na ƙauye shi ne wanda in ya lalace da safe, da azahar ya tashi."

MU YI LISSAFI

Daga nan makanike ya karɓi alli. Ya ce zai ba da misali. Ya ce lambobin nan na koyon lissafi ne, kowane aji ya tambayi kuɗɗin kasuwa na ranar ya sa a wurinsu.

Ya ce a ɗauka moto a kantin Maraɗi jika 500 ne, wato 500.000 F. An haɗa shi, da takardunshi. Irinshi cikin salula an ce jika 430. Ya tambayi aji nawa ne bambanci. Wata mata ta ɗaga hannu ta ce jika 70. Aka tafa mata.

Sai ya rubuta abin da mai sayen salula zai ƙara biya:

Kuɗɗin moto: jika 430
Ladan aika kuɗɗi: jika 4
Kuɗɗin mota daga Yamai: jika 25
Ladan makanike mai haɗawa: jika 10
Zuwa tasha da dawowa da jira: jika 6
Fitila da madubi da suka fashe: jika 10

Ɗalibai suka rubuta cikin kaye, suka tara. Suka samu jika 485. Ya ce su fidda 485 daga cikin 500. Suka ce saura 15.

Makanike ya ce: "Kun gani? Jika 70 sun koma jika 15. Don ka tsira da jika 15, ka sa jika 430 a hannun mutumin da ba ka taɓa gani ba. Kuma ka rasa ƙofar da za ka buga gobe in moto ya ƙi tashi. Kuɗɗin moto ba abin da aka rubuta ƙarƙashin hoto ba ne. Kuɗɗin moto shi ne duk abin da ka kashe har ya tsaya ƙofar gidanka, shina aiki, da takardunshi."

Ya ce wani lokaci lissafi na iya nuna na nesa ya fi arha da gaske. Wannan ba laifi ba ne. Abin da ake so, a yi lissafi kafin a biya, ba bayan an biya ba.

A KANTI MA SAI AN BUƊE IDO

Wani manomi ya ce masu kanti ma suna cuta. Makanike ya ce gaskiya ne. Ya ce akwai mai tsawwala kuɗɗi in ya ga baƙauye. Akwai mai cire batir mai kyau ya sa maras kyau. Akwai mai wanke tsohon moto ya saida shi a matsayin sabo. Akwai babura masu suna mai kama da sunan wani sanannen kamfani, harafi ɗaya kawai aka sauya. Wanda bai iya karatu ba sai ya ɗauka duk ɗaya ne.

Ya ce amma mai kanti na da ƙofa. Shina da maƙwabta. Shina da sunan da shike tsoron ɓatawa. In ya cuce ka, kana iya komawa da shaidu, kana iya kai ƙara. Wannan ne babban bambancin.

A nan ne, in ji shi, salula ke da amfani. Kafin ka tafi birni, kira kanti uku ko huɗu ka tambayi kuɗɗi. Dubi abin da ake faɗi a Yamai da Damagaram. Rubuta cikin kaye. In ka shiga kanti da sanin kuɗɗin kasuwa, mai kanti ba zai yi maka wasa ba.

Ya ba da shawara shida ga mai zuwa kanti:

1. Kar ka tafi kai ɗaya. Tafi da makanike, ko da wanda ya daɗe da moto.
2. Tafi da rana, ba da dare ba.
3. Karanta sunan da ke jikin tanki da wanda ke jikin inji.
4. A tada moto gabanka. Gwada birki, da fitila, da oda, da giya duka.
5. Tambayi garanti: wata nawa ne, kuma mi ya ƙunsa? A rubuta, kar a bar shi a baki.
6. Karɓi littafin moto, da makulli biyu, da ƴan kayan aiki da ke zuwa da shi.

Ya ce a dubi girman inji kuma. Akwai 100, akwai 125, akwai 150. Ƙarami ya fi tsimin isans. Babba ya fi ƙarfin ɗaukar kaya cikin rairayi. Kowa ya dubi aikinshi da hanyar garinsu.

LAMBAR DA KE JIKIN ƘARFE

Makanike ya sa aka shigo da wani moto cikin rumfa. Ya ce yanzu zai nuna inda karatu ke ceton dukiya.

Ya juya kan moto, ya nuna wuyanshi, ƙarƙashin fitila. Ya ce a nan aka buga lamba cikin ƙarfe. Ana ce mata lambar shasi. A babura na zamani haruffa ne da lambobi guda 17. Babu moto biyu masu lamba ɗaya. Ya ce ba a sa I, ko O, ko Q cikinta, don kar a ɗauke su 1 ko 0. In ta fara da L, a Sin aka yi moton. In ta fara da J, a Japan aka yi shi. Na Indiya da M suke farawa. Ya nuna wata lamba kuma a ƙasan inji, ya ce ita ce lambar inji.

Ya kira ɗalibai biyu. Ɗaya ya durƙusa shina karanta lambar jikin ƙarfe da ƙarfi. Ɗaya ya riƙe takarda shina bi da yatsa. Suka bi harafi harafi har 17. Duka suka yi daidai.

Ya ce: "Haka za ku yi a kanti kafin kuɗɗi su bar aljihu. In harafi ɗaya ya saɓa, takardar ba ta wannan moton ba ce. In kun ga an kankare lambar, ko an shafe ta da fenti mai kauri, ko an yi walda a wurin, ku bar moton ko kyauta aka ba ku."

Ya ce wannan aiki ne da ba a iya yi bisa hoto. Sai ido, sai yatsa.

TAKARDU

Makanike ya ce moto maras takarda rabin moto ne. Ya lissafa takardun da ya kamata mai moto ya riƙe. Ta farko, takardar ciniki da ake ce ma faktir. A rubuta sunan kanti, da sunan mai saye, da kwanan wata, da kuɗɗi, da lambar shasi, a buga hatimi. Ta biyu, takardar duwan, mai nuna moto ya shigo ƙasa ta hanyar doka. Da waɗannan ake neman kart giris da lambar da ake ɗaurawa baya. Sannan akwai asirans.

Ya ce in tsohon moto ne, a nemi kart giris ɗinshi, a duba lamba. A rubuta takardar saidawa gaban shaidu, a kai ma hukuma ta buga hatimi.

Ya ce hukuma na sa ido bisa babura ƙwarai, don ƴan bindiga da su suke yawo. A 2015 an hana hawan moto a jihar Difa. A 2020 an hana a jihar Tilaberi. Mu nan bakin iyaka muke, kowa ya san halin da ake ciki. Moto da aka sace a wani gari, cikin salula ake neman mai sayenshi a wani gari. In jandarma suka same shi hannunka, za su karɓe shi. Kuɗɗinka sun tafi, kuma kai za a tambaya ina ka same shi. Wanda ya saida maka kuwa ya kashe salularshi tuni.

TAMBAYOYIN JAMA'A

Wata mata ta ce: "Malam, ɗana na ƙasar waje. Ya ce ya samu mai saida moto a Yamai cikin salula, zai saya ma ƙanenshi. Mi zan ce mashi?"

Makanike ya ce: "Inna, ki ce mashi ya nemi ɗan'uwa ko ɗan garinku da ke zaune Yamai. Ga shi za a aika kuɗɗin, ba ga mai talla ba. Ya tafi kantin da ƙafarshi. Ya ga moto, ya karanta lamba, ya biya hannu da hannu, ya karɓi takardu. In babu mai zuwa, ya aiko maki da kuɗɗin a saya a Maraɗi."

Wani saurayi ya ce: "Baba, in mai saidawa ya kira ni ta bidiyo, na ga fuskarshi, na ga moton, ai shi ke nan ko?"

Makanike ya ce: "Ɗana, ya fi hoto, amma bai isa ba. Mutum na iya tsayawa cikin kantin wani ya kira ka. Ka ga moto, amma ba ka ga ko nashi ne ba. In mai gaskiya ne, ba zai ƙi ka turo mutum ya duba ba. In ya fara fushi don ka ce za ka turo mutum, ka riga ka samu amsa."

Wani ya tambaya bisa sayen moto bashi, a riƙa biya kaɗan kaɗan. Makanike ya ce a tara duk abin da za a biya daga farko har ƙarshe, a gwada da kuɗɗin biya gaba ɗaya. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu. Duk ranar da aka biya, a rubuta cikin kaye, mai karɓa ya sa hannu.

Maigari ya ce: "To wanda an riga an cuce shi fa, ƙaƙa zai yi?"

Makanike ya ce: "Ranka ya daɗe, kar ya ɓoye don kunya. Ya koma gidan aika kuɗɗi da sauri. In ba a karɓa ba tukuna, wani lokaci ana iya tsaida su. Kar ya yar da takardar da aka ba shi ranar aikawa. Kar ya goge lambar mutumin, ko saƙonninshi, ko muryarshi. Ya kai su duka wajen jandarma ko ƴan sanda. A 2019 gomnatin Nijar ta kafa doka mai hukunta masu zamba ta salula da intanet. Ba na cewa lalle kuɗɗi za su dawo. Amma in kowa ya yi shiru, ɓarawo zai ci wani gari gobe da lamba ɗaya."

BAYAN AN SAYA

Kafin ya rufe, makanike ya ce sabon moto kamar sabon san noma ne, ba a fara shi da aiki mai nauyi. Kar a yi gudu da shi, kar a ɗora mashi buhu uku a makon farko. A juye man inji na farko bayan kamar kilomita 500, ko yadda littafin moto ya faɗa. Lokacin hunturu a riƙa share matacin iska, don ƙura na cin inji. A sayi kaske a sa a kai. Ya ce ya ga samari da yawa da suka yi tsimin kuɗɗin kaske, aka kashe ninkinsu a gidan likita, wasu kuma ba su dawo ba.

Sannan ya ce: "Ƴan'uwa, ku riƙe abu uku. Ku tambayi kuɗɗi ta salula, amma ku biya inda ido ya gani. Ku yi lissafi har ƙarshe. Ku karanta lamba kafin ku ƙirga kuɗɗi. Gani ya kori ji."

Maigari ya yi mashi godiya. Ya ce daga yau duk wanda zai sayi moto cikin garin, ya tafi da ɗalibi ɗaya na karatun manya don ya karanta mashi takarda. Liman ya yi addu'a, aka watse.

Da aka fito, samari uku suka tsaya wajen baburansu. Kowa ya kunna fitilar salula, ya durƙusa, shina neman lambar da ke wuyan motonshi.

AIKIN AJI

1. Ku faɗi alamu biyar na mai zamba.
2. Haruffa da lambobi nawa ke cikin lambar shasi?
3. Moto jika 450 ne. Kuɗɗin mota jika 20, haɗawa jika 10, aikawa jika 5. Nawa ke nan gaba ɗaya?
4. Ku nemi moto ɗaya cikin garinku, ku kwafi lambar shasi cikin kaye, ku gwada ta da takarda.
5. Ku karanta ma wanda bai iya karatu ba wanga labari.